Mai Buga Hatimi

Ni ce mai buga hatimi.
Shekara ashirin da shida ina bayan teburin nan,
a wata gunduma can cikin Nebraska,
inda rumbun ƙarfe ya fi hasumiyar coci tsawo,
inda masara ta kori mutane ta gaje gidajensu.

Ran Talata jerin tallafin ya iso.
Na ɗora tabarau, na bi shi da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Layin farko, Kamfanin Hruska da 'Ya'ya:
dala dubu ɗari huɗu da ɗoriya.
Tsoho Hruska ya daɗe a ƙasa,
'ya'yan suna birni, a bene mai gilashi,
rabonsu da ƙamshin ruwan fari
tun suna da haƙoran nono.
Layi na biyu kamfani, na uku kamfani,
suna daban-daban, akwatin wasiƙa ɗaya.
Na ga hadari ya tsallake fako
ya je ya juye a kogi.

Sai a shafi na tara na tarar da yayana.
Delbert Tollefsrud,
dala ɗari takwas da goma sha ɗaya.
Shi ne ƙanƙarar Yuli ta kwantar wa da waken suya
kafin shayinsa ya huce.

Laraba ya zo.
Ya goge takalmi sau biyu a bakin ƙofa,
hula a hannu, kamar ba cikinmu ɗaya ba.
Ya ce, Marlys, ko injin ya haɗiye sifili?
Na ce, lissafin eka ne, Del,
mai faɗin gona shi ke da faɗin rabo.
Ya yi 'yar dariya.
Ya ce, to, na samu rabin tayar tarakta,
sai in riƙa noma da ɗingishi.

Bai tashi ba.
Ya juya hular, ya sake juyawa,
sannan ya ce wakilin Hruska ya leƙo jiya
da mota mai sheƙi da takarda a shirye.
Haya kawai, in ji shi, shekara biyar.
Haka aka faɗa wa Oleta Brandvold
kafin a yi gwanjon shanunta,
da kujerar mijinta, har da ƙararrawar ƙofa.

Ban ce masa kome ba.
Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski,
ni ma daga wannan tukunyar ake zuba mini.
Babu wanda ya yi sata.
Na duba, na sake dubawa,
kowane layi daidai yake da doka,
abin da ke hana ni barci ke nan.

Da yamma na biyo ta kan tudu.
Nan Mama kan tsai da mota muna yara,
mu ƙirga fitilun gidaje kafin duhu ya gama rufewa.
Goma sha huɗu, wani lokaci sha biyar
in Brandvold na jiran saniya ta haihu.

Yau uku.
Ta can gefen rafi ta Del ce,
yana zaune a kicin, na sani,
takardar a gabansa, biro a rufe.

Na kashe injin na zauna.
Tawadar hatimi tana nan a babban yatsana,
shuɗiya, sabulu bai fitar da ita ba.