Kaka Na Gida

Rediyon Ciroma tela na rataye a ƙusar shago,
da magariba ya ce 'yan kaka-gida sun ƙara gini.
Zara'u ta ɗago kai daga littafin lakwal:
"Ashe mu ake nufi! Kaka na gida,
ga ta can tana tsintar wake."

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.

Yarinya, ba kakarki ba ce,
ba kuma kakar gero mai cika rumbu ba.
Ana jifa da kalmar ne,
ana jifan wanda ya iske gona da shuka,
ya iske rijiya da guga a bakinta,
ya shimfiɗa tabarma ba sallama,
ya ce ai daji ne, ba kowa.
Wasu kan ce kama-wuri-zauna,
ko a baki ma nauyi gare ta.

Ta ce, "To mu fa? An ce daga Agadas muka zo."

Nan gizo ke saƙa.
Kakan ubana Agali ya taho da raƙuma bakwai
da kantun gishirin Bilma,
ya iske an rufe ƙofar Birni,
ya kwana bayan ganuwa, tsakanin duwatsu.
Zango aka ce, wurin sauke kaya,
kwana uku a ɗaura a wuce.
Raƙumi biyu suka mutu,
mai fura Falmata ta yi masa bashi,
kwana ukun nan har yau ba su cika ba.
Bukka ta zama soro mai zanko,
suna bai sake ba.
An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba,
wata raɓar ƙasa ke shanye ta.
Amma shi ya yi sallama, aka amsa,
ya roƙi wuri, aka nuna masa da sanda.

Ta rubuta, ta ja layi, ta rufe littafi.

Abin da ban gaya mata ba:
bara na sayi fili a hanyar Mirriya,
takarda da hatimi, ba cuta.
Ran da aka kafa turakun siminti
wani tsoho na tsaye da hauya a kafaɗa,
karan geron bara na taɓa masa gwiwa.
Na gaishe shi, ya amsa.
Ban san sunan da ya ba ni ba
da ya koma gida.