Yatsu Uku

Ranar kasuwar Lagdo ya sauko daga babur,
Hamajoda, da hular gwamnati da ɗan ƙarfe a aljihu,
ya tsuguna gaban gurata kamar mai gaisuwar mutuwa.

Ya zura ƙarfen a idon saƙa, ƙarfe ya ƙi shiga.
Ya ce, "Baba Nomau, idon nan ya matse.
Doka ta ce yatsu uku, naka biyu ne da ƙyar.
Sannan ka buɗe ƙofa a gindi, faɗin bakin kofin shayi,
'ya'yan karfasa su samu hanya, da ƙananan ƙaguwa."

Na ce, yaro, ina saƙa gura
tun gonar da aka haifi uwarka ba ta zama ruwa ba.
Wa ya taɓa gina rumbu ya bar wa ɓera taga?
Wa ya ɗinka aljihu ya huda shi da hannunsa?
Tarko mai ƙofar fita ai zaure ne, wurin gaisawa da wucewa.

Bai yi fushi ba, ya juya takarda.
"Saura ɗaya. Murfin kar ka ɗaure shi da igiyar roba,
sai zaren auduga, mai ruɓewa."

Masu ƙyafe kifi suka kwashe da dariya.
Ya rubuta mini tara, jaka biyar,
na biya ina tsaki, na koma ga saƙata
yadda ubana ya koya mini, ban rage ba, ban ƙara ba, har zuwa.

Damina ta yi ƙarfi a bana.
Dare ɗaya iska ta tsinke igiya,
gura huɗu suka tafi, ba sallama.
Na nema har na gaji, na ce rabon ruwa.

Wata biyar, tafki ya ja baya.
Jikana Sallau na tura kwalekwale ta bayan duwatsu,
gorarsa ta daki wani abu.
Mu biyu muka ja, tana da nauyin gawa.

Ciki ƙaya ce fal, da kawunan tarwaɗa,
ɓawon ƙaguwa fari fat, wani kan wani,
da guda ɗaya mai rai, ƙarama kamar ƙwandala,
tana cin 'yar'uwarta.
Wanda ya mutu shi ya kira na baya,
na baya ya mutu ya kira na bayansa.
Wata biyar tana kamu, ba mai ita,
ba bisimilla, ba tukunya, ba kasuwa.

Na duba murfin. Ƙullin yana nan daram,
ƙullina ne, irin na gidanmu,
ko a duhu ba na kasa ganewa.

Sallau ya ce, "Kaka, wa ya ci waɗannan?"
Na ce, tura mu je, rana na faɗuwa.

Da dare na roƙi Tabawa zaren mazarinta.
Ta dube ni, ta miƙo, ba ta ce komai ba,
shirun da ya fi dariyar kasuwa ciwo.
Na sa yatsu uku, na huɗun yana kallo,
hannu ya saba da biyu, sai kuskure yake, ina warwarewa.

Kada ka ce na tuba duka.
In ka ga Hamajoda ka gaya masa
masu jan gidan sauro da dare, a jirgin inji,
ƙarfensa bai kai can ba, gajere ne.
Ka gaya masa daron Tabawa ba ya cika yanzu,
kuma auduga duk wata biyu sai an sake ɗaurewa.

Jiya da asuba na ɗaga sabuwar gura.
Karfasa shida, manya.
Ta ƙofar gindi wata 'yar ƙaguwa ta fito a karkace,
ba ta waiwaya ba, ba ta ce na gode ba.
Na ce, je ki, ki yi ƙiba,
ni da ke akwai haɗuwa.