Karnen Barira

Gobe Laraba, ranar awo.
Tsahara ta zaro karnen Barira daga ƙarƙashin katifa,
ta aza mini shi a kan keken ɗinki, ba ta ce uffan ba.
Wata tara cif. Allurar ƙyanda.

Ɗazu a fada, kafin shayi na biyu ya nuna,
Illa mai gyaran salula ya kunna mana wata murya.
Ba mu san mai ita ba, ba mu san garinsu ba,
tana ta rantsuwa kamar an kama ta da akuyar wani:
wai allura ke kulle bakin yara,
wai ita ke juya musu fuska ga bango.
Malam Nafi'u na lakwal ya ce,
"Zakara ya yi cara, gari ya waye.
To, shi ya jawo rana da igiya?"
Aka yi musu har gawayi ya mutu.
Sai dai duk wanda ya ɗaga murya, buta yake kallo,
don kada ido ya faɗa kaina.

Sun san Mutari.
Shekara shida, bai taɓa ce mini Baba ba.
Ƙarƙashin teburina yake wuni yana jera maɓallai,
ja bayan ja, fari bayan fari,
in ƙafata ta gusar da ɗaya
sai an ji shi a Kasuwar Dole.
An ce iska, an ce baki, an ce an tsallake wani abu.
Raguna biyu suka tafi a rubutu da turare.
Wata likita a babban asibiti ta ba abin suna da Faransanci,
ta ce ba maye, ba aljani, ba laifin nono,
ta ce an bi sawun yara dubu bisa dubu
ba a ga hannun allura a ciki ba.
Na gyaɗa kai.
Amma zuciya ba ta karanta takarda,
wuyan rigar wani take nema ta riƙe.

Da magariba na hau Birni, na iske Iya Gambo
tana tsince zogale a gindin dutse.
Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon faifai.
Ta ce, "Kai na uku ne, ba na fari ba.
Hassiya da Bashari, Talata da Asabar,
shekarar da ƙyanda ta bi lungun nan gida-gida.
Naku bai magana, amma kuna zuba masa tuwo.
Nawa, ko kwanonsu ban san inda ya shiga ba."

Cikin dare, wuta ta ɗauke, Tsahara ta yi magana cikin duhu:
"Tun yana wata huɗu, in na ba shi nono,
azara yake kallo, ba ni ba.
Allurar ba ta ma zo ba tukuna.
Na gani, na haɗiye, ban gaya maka ba."

Ban yi barci ba. Ba zan yi ƙarya in ce tsoro ya tafi ba.
Ya dai matsa, ya ba ni wurin sa ƙafa.

Da safe muka tsaya a layi a likitar Zango,
ni kaɗai ne mai gemu cikin mata goma sha.
Mutari ya tsuguna bakin ƙofa
yana daidaita takalman mutane biyu-biyu.
Majo ta goge hannun Barira da auduga.
Ƙara ɗaya ta tsala, ya toshe kunnuwa,
ya yi ta lilo gaba da baya, gaba da baya.

A kan hanya, wajen masu garuwa,
ya buɗe tafinsa da ya jiƙe da gumi,
ya tura maɓalli ja cikin goyon uwarsa,
bai kalli kowa ba.
Ban san me yake nufi ba.
Na dai bar shi a nan, ban mayar da shi gwangwani ba.