Kuɗin Kai

(Gilasgo, hawa na uku)

Wasiƙa ta uku ta zo da jan tambari.
Na ninka ta huɗu, na cusa ƙarƙashin ƙafar tebur,
da ma tun rasuwar Dougal yake ɗingishi.

Sun ce kai, kai ne.
Kan mai ɗaki ashirin a bakin tafki,
da nawa, da ya sha tururin tukwanen makaranta shekara talatin,
wai farashinsu ɗaya.
To mu yi musayar matashi mana.

Kada in yi ƙarya, ba rashi ba ne:
kuɗin na cikin gwangwanin shayi, bayan sukari.
Na ƙirga jiya da dare, na mayar.
Na sake da asuba, hannuna na rawa.

Talata, ana yayyafi, masu ƙiyasta kaya suka iso.
Senga ta buga murfin tukunya,
matakala ta cika maƙil tun daga titi:
masu waldar jiragen ruwa da aka sallama,
matar Baljit mai shago, jariri a kafaɗa,
har Fergus, da ba ma ga maciji
tun rikicin igiyar shanya.

Na ce a bar siririn ya hawo.
Na gane kunnuwan nan.
Ɗan Moira ne, mai miƙo faranti sau biyu,
ni kuwa in ƙara masa dankali in kau da kai.

Agogon bangon da aka ba Dougal ranar ritaya,
ya rubuta: fam huɗu.
Talabijin: sha biyu.
Da ya zo kan kujerar da Dougal ya cika a kai
sai alƙalami ya tsaya a sama.

Na ce, rubuta, Calum, aikinka ne.
In ka koma ka faɗa musu
kan Ishbel ba na sayarwa ba ne.
Ranar da suka auna kowa da abin da ya tara
ni zan buɗe layi, da gwangwanina.

Bai sha shayin da na zuba masa ba.
Ya sauka, aka dare masa da ƙyar,
ba wanda ya taɓa shi.

Yanzu dare ya raba. Fam huɗu na bugawa a bango.
Tebur ya tsaya da ƙafarsa.
In ta huɗu ta zo,
akwai tagar banɗaki da iska ke kaɗawa.