Kore Biyu

Kamu goma sha biyu ne tsakar gidan,
na auna da hannuna ranar da magina suka tashi
suka bar mini yashi da guntayen bulo.
A Ali Ɗan Sofo ne, bayan shagon Jadi.
Na ce wa Hasiya: nan zan sa kore,
ko ido ya samu wurin sauka in rana ta take.

Ɗanmu Sabi'u ya dawo daga Lome
da abu naɗe kamar darduma.
Ya warware. Ciyawa ce, wai.
Ba ta sha, ba ta tsawo, ba ta san fari ba.
"Baba, shekara takwas ba ruwanka da tiyo."
Na shafa, ta yi ƙarar buhun shinkafa.
Na sunsuna: warin sabon takalmi.

Barmo mai lambu kuwa, daga bakin Gulbi,
ya zo da kiri-kiri a tsohon bokitin fenti,
saiwa da laka, har da tana guda mai motsi.
Bai yi talla ba. Cewa ya yi,
"Safe da yamma take sha, kamar jinjiri.
Ka yi tafiyar sati, ka tarar ta yi fushi."

Na zauna da biro da takardar kuɗin ruwa.
Jika kaza a wata, sau sha biyu, sau takwas.
Lissafi ya goyi bayan Sabi'u.
Hasiya na tsinkar zogale, ba ta ɗago ba:
"Ruwan da nake tara a jarka tun asuba
za a ba ganyen da ba a miya da shi?"
Na rasa ta cewa. Aka shimfiɗa roba.

Sati biyu muna manyan gari.
Maƙwabta na leƙe, ana ɗaukar hoto.
Rago ya tsinke igiya, ya kai baki,
ya tauna, ya dakata, ya dube ni
kamar na ba shi canjin jabu.

Sai Afrilu.
Ƙarfe biyu na rana jikata Ɗahara
ta fito a guje ba takalmi,
ta taka kore, don ta san kore sanyi ne.
Ihunta ya tada tattabarun Jadi.
Daga ranar sai ga ni da tiyo a hannu
ina shayar da abin da aka ce ba ya sha,
tururi na tashi,
ƙadangaru ma ta katanga suke bi.

Kiri-kirin Barmo fa?
Hasiya ta juye ta gindin wurin alwala
don bokitin take so.
Buta biyar a yini, ruwan wankin shinkafa,
ɗigon famfon da na kasa gyarawa.
Ba wanda ya yi mata sannu.

Bayan ruwan fari na duƙa neman makulli,
sai ga tsiro ɗaya, lallausa,
ya leƙo ta hujin da aka bar wa ruwa.
Na ɗaga gefen robar:
fararen jijiyoyi ko'ina.
Kamu uku ta yi cikin duhu.

Sabi'u a waya ya ce a tuge.
Barmo ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ban tuge ba.
Duk Juma'a nakan ɗau almakashi
in rage wa roba taƙi guda.
Wani yanki na ƙofar ɗaki, ana goge ƙafa,
wani ya zama shimfiɗar kejin kaji.
Hasiya na ƙirga jarkokinta har yau,
kuma ban ce ba ta da gaskiya ba.

Ɗahara dai ba ta jira hukuncina ba.
Takan bi inuwar katanga a kan yatsu
ta je ta zauna a ɗan tsibirin nan,
ita da rago,
suna gardamar wa ya riga zuwa.