Ɗawafin Takarda

A ƙasan adakar kakana Gwadabe,
ƙarƙashin carbi da rasiɗan audugar Jazira,
na same ta naɗe cikin tsohon rawani,
takarda mai launin ruwan shayi,
gara ta ɗanɗani gefenta ta bari.

Ɗakin Allah ne a tsakiya.
Sai dai an jera masa ginshiƙan wata ƙasa,
duwatsun bayansa sumul kamar malmalar tuwo,
ga itatuwan da Makka ba ta san inuwarsu ba.
Mutane ƙanana, kamar an watsa riɗi a faifai,
suna kewaye.

Shekara tara ya yi a hanya daga Kazaure,
noma nan, dako can,
ya binne mace a Wadai, ya binne jaki a Fashir.
Da ya iso Sawakin guzuri ya ƙare,
ƙasa ma ta ƙare.
Wani Bagirike mai kanti ya rasa girshi uku na ladan dako,
ya ce ungo wannan.
Ya karɓa.

Ustaza Busaina, da ta zo daga Hartum
tana auna kangayen murjani,
ta ɗora gilashinta a kai, ta daɗe.
Ta ce aikin Holan ne, ya haura shekara ɗari uku.
Da tsinken ƙarfe ake karce farantin tagulla,
a cika tsagar da tawada,
a goge, a danne takarda.
Ta ce mazanan can sun kasa sana'arsu biyu:
wanda ido ya ɗebo daga abin da ke gabansa,
da wanda zuciya ta haifa a ɗaki.
Wannan kuwa bai taɓa taka Hijaz ba,
a bakin matuƙan jirgi ya tsinci labari.

Na ce to, sun zama biyu ke nan.

Sai ta sa farce ta nuna:
dubi, sun bar Ɗakin a damansu.
Faranti yakan juya duk abin da aka ba shi,
hagu ta koma dama,
mai zanen ya manta, ko ba wanda ya faɗa masa.
Shekara ɗari uku bayin Allah suna ɗawafi a baibai.

Nan ne na tuna da madubin.
Ɓallin madubin wata tsohuwar akori-kura,
ya tsage ta kusurwa.
Bayan asuba yakan ba mu baya a bakin zaure,
Goggo Tamadina tana tsokana daga madafa:
tsoho da madubi, wace ce za a aura?
Ba ya tankawa.
Mu yara mun ɗauka furfura yake ƙirgawa.

Ashe alhazai yake juyowa.
Kowace safiya yakan tare su a hanya,
ya mai da Ɗakin hagunsu,
ya raka su sau bakwai da ɗan yatsa,
sannan ya naɗe rawani ya tafi bakin ruwa ɗaukar buhu.

Bai taɓa rataye ta ba.
Bai taɓa barinta gabas da shimfiɗarsa ba.
Liman ya yi masa magana sau ɗaya,
ya ce Malam, ba a yi wa takarda sujada,
hanya kawai nake tambayarta.

Yanzu jirgin Jidda yana kuka da magariba,
kwana ɗaya ne tsallaken, in teku ta kwanta.
Shi ya yi shekara arba'in da ɗaya a wannan gaɓa.

Jiya na ɗauko madubin.
Azurfar bayansa ta ci, rabin taron ya ɓace cikin tsatsa.
Waɗanda suka rage dai sun juyo.
Akwai wani can gefe, mai kaya a kafaɗa,
tsinken ya yi masa karta uku kacal,
bai shiga sahu ba tukuna.