Kwana Ashirin da Ɗaya

A dare na uku na wasan,
tsakiyar baitin da nake ja har sai an miƙe tsaye,
muryata ta tsinke
kamar igiyar guga.
Na ji faɗuwarta can ƙasa.
Mutum ɗari huɗu a Gidan Matasa
suka leƙa rijiyar tare da ni.

Likita Habsu ta haska mini maƙogwaro,
ta ce: ya kumbura.
Kwana ashirin da ɗaya, ko raɗa ban yarda ba.
Na buɗe baki in nemi ragi,
ta ɗaga biro: daga yanzu aka fara ƙirge.

Ni da ake ji daga Bagalam har Zariya ba lasifika,
na koma nuna tattasai da yatsa a kasuwa,
na koma gaida liman da gyaɗa kai.

Gwaggo Tsayyaba, zabiyar shekara arba'in
da muryarta ba ta taɓa dishewa ba,
ko kallon wuyana ba ta yi ba.
Ta danna cikina kamar mai sayen kankana,
ta ce: Ɗan Jimma, maƙogwaro bakin ƙofa ne kawai.
Ɗakin na ciki, kai ko ka bar shi ba shara.
Yaushe rabonka da barcin dare?
Goro nawa a wuni? Shayi zagaye nawa?
Ƙanƙara bisa gumi fa?
Na yi ta ba ta amsa da yatsu
har yatsun suka ƙare.

Ta kafa mini doka.
Bayan asuba in gangara Gulbi,
in taka yashi ba takalmi,
in ja iska taku huɗu, in sake ta taku takwas,
ciki ya cika, kafaɗa kar ta sani.
Ruwa mai ɗumi, citta, zuma cokali guda,
kwaɗon zogalen Jiratawa da rana,
tuwo kafin isha, tabarma bayanta.

A kwana na tara na fara jin abubuwa:
kurciya tana hutawa tsakanin kuka da kuka,
ɗiyata tana waƙa in tana wanke-wanke,
ban taɓa sani ba.
Ashe shekaru ina cika gidan nan da kaina.

A na goma sha biyu Gwaggo ta yi tambayar
da ba a amsa ta da yatsu:
wa ka ajiye a ƙirji?
Gurin da iska za ta zauna, wani na zaune.

Nomau ne.
Mai kalanguna.
Jaka goma sha biyu na bikin Tibiri,
rabonsa, na ce ba a biya ba.
Ya sani. Na san ya sani.
Shekara biyu yana kaɗa mini daga baya,
ni ina rera amana da gaskiya
da wuya a sandare don kar in waiga.

Na je Mokoyo da yamma,
kuɗin a ambulan, baki a ɗinke.
Da da murya na je, da na yi dogon bayani,
da na ɓata komai.
Ya ƙirga, ya sa a aljihu,
ya matsa mini a kan benci.
Muka zauna har aka kira magariba.

Ranar ashirin da biyu, ƙarƙashin gawo,
na gwada.
Ta dawo, amma ba ita kaɗai ba:
da 'yar tsatsa a gefe,
kuma can saman da nake taƙama da shi
ta ƙi hawa.

Gwaggo ta tofar da asuwaki, ta ce:
wancan saman dama haya kake.

Nomau ya sassauta tsarkiya,
ya sauko da kalangu daidai inda nake.
Muka fara daga nan.